Ranar da Nas Ta Tambayi Uwar Yaro

Ni tsohuwa ce daga Gazara, ban yi boko ba, jikata ke rubuta abin da nake faɗa. Lokacin da Turawa suka sauka daga mulki ina yarinyar mace, da ɗa ɗaya tal. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi yayar mijina ta ɗauke shi riƙo zuwa Kudan. Haka ake yi, haka na yi.

Ana nan, ana nan, wata shekara da kaka cikinsa ya kumbura, aka sa shi a motar rake sai asibiti a Zariya. Likita ya ce hanji ne ya ƙulle, sai an yanka. Za a kifa masa wani abu kamar ƙoƙo a hanci, a ɗiga magani ya yi barci, kuma ba kowane mai wannan barci ke tashi ba. Muna zaune a baranda da dangin mijina, muna jin ihunsa, sai nas ta fito ta ce wace ce uwar yaron, ta zo ta riƙe shi, mutum ɗaya kawai. Jama'a, kunya ta hana ni miƙewa. Surukata na gefena. Na sunkuyar da kai, yayar mijina ta gyara mayafi ta shige.

Ihun ya tsaya nan take. Wannan shirun ya fi ihun ci mini rai. Ita ta riƙe hannunsa har ya lumshe ido, ita ta jiƙa masa leɓe da ya farka yana amai. Da ta fito ta ce mini in kwantar da hankali, ɗanta ya tashi. Ɗanta! Na yi mata barka.

Yau ya yi furfura, har yanzu yana ba jikokinsa labarin fuskar da ya fara gani da ya dawo daga bakin kabari. Ba tawa ba ce. Matar ta rasu, ina yi mata addu'a, Allah ya yafe mini, ina kuma kishinta.

Na ji yanzu ma ɗakin masu jin jiki sosai mutum ɗaya ake bari ya shiga. 'Ya'yana mata, kunya ado ce, amma a ajiye ta a ƙofar asibiti. In an tambayi uwar yaro, ki miƙe.