Gidan da Yara Ba Sa Kuka

Kakata ba ta ba da tatsuniya kyauta. In an gama girbi, sanyi ya shigo ƙauyenmu can bayan Samaru, takan sa a hura wutar kara a tsakar gida bayan an ci tuwo, ta juye gyaɗa a tabarma, ta ce duk hannun da ba ya ɓara, kunnen mai shi ya tafi ya kwanta. Mu jikoki muna zagaye da ita, gabanmu zafi, bayanmu sanyi, hayaƙi yana sa mu hawaye. Wanda ya jefa gyaɗa a baki kuwa sai ya ji kara a gadon bayansa, ba ta ko juyowa.

Fuskarta duk zanzana ce. Agana ta kama ta tana yarinya, ta bar mata ramuka tun daga goshi har haɓa. Ba ta ɓoyewa. In baƙon yaro ya ƙura mata ido sai ta ce ya matso ya ƙirga, in ya gama ya faɗa mata, don ita ba ta taɓa samun sukunin yi ba.

Tana da tatsuniyoyin ban dariya da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta dariya in tana yin ta. Takan gyara zama ta ce, "Ku buɗe kunne, wannan ba ta masu gyangyaɗi ba ce."

Wai agana ce ta shiga wani gari. Aka yi wa marasa lafiya bukkoki a bayan gari, ga dawa ta nuna a gona ba mai yanka. Dole mata su fita, wasu jinya, wasu girbi. To yara fa, wa za a bar wa? A bakin garin akwai wata mata da cutar ta taɓa kamawa tun da daɗewa, ta warke, ta bar ta da ido ɗaya da fuska kamar rariya. Ana ce mata Mai Zanzana, an ma manta sunanta na gaskiya. Ta share tsakar gidanta, ta dama kunu a babbar tukunya, ta bi gida-gida tana cewa a kawo mata yaran. Matan suka ja zannuwansu. Suka ce ai cutar a cikin ramukan nan take kwana.

Sai ga wata baƙuwa ta sauka a garin, fatarta sumul kamar sabuwar ƙwarya, tana ƙamshi, da sababbin tabarmi a kanta. Ta ce su kawo, a wurinta yaro ba ya kuka. Suka kai. Kuma gaskiya ta faɗa, ba sa kuka. Da yamma uwa ta zo ta tarar da ɗanta kwance lamo, ta saɓe shi ta tafi tana sa albarka. Matar maƙeri kaɗai ta kai nata wurin Mai Zanzana, ita ma don tabarmin baƙuwa sun cika ne. Can kuwa sai ihu da kokawa, kunu har a gashin kai. Masu wucewa suna taɓe baki.

Wata rana matan suka dawo suka tarar da yaran jere a tabarmi, jikinsu kamar dutsen murhu, ƙuraje sun feso. Baƙuwa tana naɗe kayanta. A nan Kaka takan rage murya, ta mai da ita siririya, mai daɗi, har tsikar jikinmu ta tashi: "Ai ba wadda ta tambaye ni sunana. Fuskata kuka kalla." Ashe ita ce Aganar da kanta. Ta ɗau tabarminta ta nufi gari na gaba.

Mukan tambaya ko yaran sun mutu. Ta ce wasu. Ta ce Mai Zanzana ce ta shiga ta kwashe su, don ita kaɗai ke iya taɓa su ba tsoro, ta yi ta jinya har waɗanda za su tashi suka tashi. Sai ɗayanmu ya ce, to sun gode mata ko? Kaka ta tofa yawu a wuta. "Cewa suka yi ita ta kira baƙuwar. Ku tattara ɓawon nan, na sauke."

Ni dai a lokacin baƙuwar nake tsoro. Na daɗe ba na yarda da mace mai ƙamshi.

Yanzu ni ce kakar. Biro ma sai da furfura na koyi riƙe shi, a ajin manya na cocinmu, kuma maganar da zan faɗa yanzu ce ta sa na ce sai na rubuta, don in na faɗa da baki cewa ake tsohuwa ta cika surutu.

Ina zaune a Samaru da ɗana da matarsa Ladi. Shi direban babbar mota ne, sai ya yi sati ba mu gan shi ba. Ladi tana da teburin kayan miya a kasuwar Sabon Gari, tun safe sai magariba. Ɗansu Ishaya bai cika shekara biyu ba a lokacin. Ni gwiwoyina sun gama aiki, ba zan iya bin yaron da ke nufar rijiya da gudu ba. Don haka tun yana wata shida ake kai shi wurin Maman Alheri, maƙwabciyarmu, 'yar kudancin Kaduna. Ita ke rainon yaran layinmu. Mace mai tsabta, mai haƙuri, ta san kukan kowane yaro.

Sai mijinta ya kwanta, ya rame, ya mutu. Shekarun nan ne da wayar hannu ta shigo, ƙanjamau kuma tana ɗauke mutane ana cewa taifot ne. Maman Alheri ba ta yi ƙarya ba. Ta je asibiti aka gwada ta, aka ce tana da ita, aka ɗora ta a kan magani. Aka gwada 'yarta Alheri, aka ce ba ta da komai. Ta dawo ta tara iyayen yaran ta faɗa musu da bakinta, ta ce ba ta so su ji a wani wuri.

Kafin sati ya zagayo tsakar gidanta ba yaro ko ɗaya.

Iyayen yaran nan kuwa matan da muke waƙa tare ne ranar Lahadi, masu ɗaurin ɗankwali har sama. Nas ta zo coci ta yi mana bayani dalla-dalla, cewa ba a ɗauka a goyo, ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a wanka. Suka gyaɗa kai, suka ce amin, suka fito suka hana 'ya'yansu wasa da Alheri. Yarinya 'yar shekara biyar, ubanta bai daɗe a ƙasa ba, tana tsaye a ƙofar gida tana kallon sa'o'inta suna 'yar gala-gala. In ta matso sai a kira su ciki, wai an gama abinci.

Ladi ma ta janye Ishaya. Na yi magana, ta ce, "Mama, ni ɗa ɗaya gare ni." Ta samo wani gidan raino a Dogarawa, a kan hanyarta ta kasuwa. Ta yi ta yaba shi. An yi masa fenti, da hoton agwagwa a bango, da get na ƙarfe, mai gidan kuma wata Madam ce mai tabarau. Abin da ya fi burge ta, wai in ka shiga tsit kake ji.

Yaron da na sani yana juye mini kwandon ganyen kuka, yana bin kaji, ya koma dawowa a saɓe kamar jiƙaƙƙen zane. A ba shi tuwo ya kau da kai. Idanunsa rabi a rufe, yawu yana zuba. Da tsakar dare kuma ya tashi ya yi ta kuka. Ladi ta ce haƙori ne. Na haifi bakwai, na san haƙori.

Ranar wata Talata na ɗaure gwiwa da tsumma, na hau bas, na sauka na ɗau acaɓa har ƙofar gidan. Hantsi ne, lokacin da ko kurma ya wuce gidan yara sai ya san da su. Ban ji komai ba. Wata yarinya ta leƙo ta ce Madam ta fita, kuma ba a shiga sai lokacin ɗauka. Na ce mata ni ba lokaci na zo nema ba, jikana na zo nema, na ture get ɗin.

Ɗaki ɗaya ne. Katifu a ƙasa, yara jere, har wani ƙafarsa a kan fuskar wani, duk suna barci. A bakin taga ga kwalbar maganin mura, irin mai sa barcin nan, da cokali ɗaya a cikin kofi. Na tambayi yarinyar ko duk mura suke yi. Ta sunkuyar da kai. Ta ce ita kaɗai ce, yara sun yi mata yawa, Madam ta ce in sun sha koko a ba kowa cokali.

Ban zage ta ba, ita ma 'yar wani ce aka ajiye. Na ɗaga Ishaya, kansa ya langaɓe. Na jijjiga shi, ya buɗe ido ya dube ni kamar bai san ni ba, ya mayar ya rufe. Na goya shi, ni da na shekara goma ban yi goyo ba. A get muka yi kiciɓis da Madam. Ta hau ni da Turancin kasuwa, wai na shigo mata gida ba izini, wai duk iyayen ma sun san yaro sai da ɗan taimako. Na ce ta riƙe taimakonta.

Kai tsaye gidan Maman Alheri na wuce. Ta karɓe shi ba ta tambaye ni komai ba, ta shafa masa ruwa a fuska, ta zauna da shi a cinya har la'asar, ya farka ya nemi abinci.

Da Ladi ta dawo aka yi ta. Ta ce na ɗauke mata ɗa daga wuri mai tsabta na kai shi bakin kabari. Na faɗa mata abin da na gani. Sai ta ce, "To in ya kamu fa, Mama?"

Na ce, "Kina wurin nas ta yi bayani. Ɗanki ne. In kin ga dama gobe ki mai da shi a ba shi cokalinsa."

Ba ta ci tuwo ba a daren. Washegari ta kai shi gidan Maman Alheri da kanta, amma da kofinsa da kwanonsa daban, ta ɗaura musu jan zare, ta tsaya daga bakin ƙofa ta miƙa. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana. Maman Alheri ta ce, "Mama, ki bar ta. Ta dai kawo shi." Har yau a kofin nan take ba shi ruwa, ko Ladi na nan ko ba ta nan.

Na gaya wa sauran matan zancen cokali. Biyu suka cire 'ya'yansu suka kai wani gidan, ba wurin Maman Alheri ba. Sauran suka bar su. Wata ma, babba a cikinmu, ta ce mini ai gara barci da wancan abin, kuma in bi a hankali, don an ce ita Maman Alherin ce ta turo ni in ɓata wa Madam kasuwa.

Na san agana daban, ƙanjamau daban, ba sai an koya mini ba. Madam ma ba aljana ba ce, mace ce mai son kuɗi. Amma da na ji wannan maganar sai na gane abin da ke sa Kaka tofa yawu a wuta. Ba da baƙuwar take fushi ba. Baƙuwa aikinta ta yi ta wuce. Da matan garin take, masu hankali, masu son 'ya'yansu, waɗanda suka gwammace su ga yaro kwance lamo da su zauna su tambaya wace ce ke riƙe shi. Tsoro ba laifi ba ne, ni ma na ji shi. Amma a yi maka bayani ka ce amin, sannan ka je ka huce a kan gwauruwa da marainiya, wannan ba tsoro ba ne kuma, mugunta ce.

Kwanan baya ruwan sama ya tsare Ladi a kasuwa, ba ta iso ba sai bayan magariba. Ina gidan Maman Alheri ina jiran ruwa ya tsagaita. Ishaya ya gaji da guje-guje da Alheri, ya yi barci a bayan Maman Alheri. Ladi ta shigo jiƙe sharkaf, ta gan shi kansa a langaɓe. Ba ta ko yi sallama ba. Ta fizge shi daga goyon ta jijjiga shi da ƙarfi. Yaro ya buɗe ido tar, ya tsala ihu, ya kai mata duka a fuska.

Ta tsaya riƙe da shi yana ta shure-shure. Sai ta zauna daɓas a tabarmar Maman Alheri, abin da ba ta yi ba tun mutuwar mai gidan, ta kifa kai a bayan yaron. Ba ta ce a yi haƙuri ba. Maman Alheri ta ɗauko busasshen zanenta ta yafa mata, ita kuma ba ta cire ba.