Tumatir ɗin Anti Esta a kan tudun doya

Ku tsaya ku ji na Anti Esta, ƙanwar mamana ce, daga kudancin Kaduna ta zo amma ta fi shekara ashirin a Tunga tana shara a wata makaranta har ta bar aikin. Bayan gidansu akwai fili kusa da rafi, na Baba Ndaliman ne, shi ya ba ta aro take lambu. Damina biyu a jere ruwa yana cinye mata komai, tumatir, attaruhu, alayyafo, duk su ruɓe cikin taɓo, ta zauna ta yi ta kuka.

Bana Baba Ndaliman ya kira ta ya ce, "Maman Gideon, masu bulo suna son wurin nan fa. In ruwa ya sake cinyewa zan ba su."

Ta ce, "Baba ka bar mini daminar nan kawai."

Shi ke nan ta hau mota ta tafi ƙauye wajen Gbagyi masu noman doya, kwana biyu tana kallon yadda suke tara ƙasa. Ta dawo kafin ruwa ya zauna, ta ɗau fartanya ta tara ƙasa tuli tuli har gwiwa, ta haƙa rami a tsakani ya gangara rafi. Tumatir a can sama ta kafa masa sanda ta ɗaure, attaruhu a gefe, alayyafo a ƙasa tunda shi sati uku an tsinke.

Christopher mai keke napep kullum ya wuce sai ya tsaya yana dariya. "Mama, doya ce ko kabari kike yi wa tumatir?"

Ta ce, "Kai dai ka shirya kekenka watan takwas."

Watan takwas kuwa ruwa ya sauko kwana uku bai ɗauke ba, lambun maƙwabta ya zama tafki har kwaɗi suna kuka a ciki. Nata fa? Ruwa gudu yake ta ramin yana faɗawa rafi, tumatir yana sama ja jawur, ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba!

Christopher ɗin nan shi ya ɗauko Anti da kwandon tumatir a kekensa har ƙofar Baba Ndaliman. Baba ya ɗau guda ya matsa, ya juya shi, ya ce, "A damina?"

Anti ta ce, "A damina Baba."

Ya ce, "Masu bulo su nemi wani wuri. Baɗi ki yi mini tudu biyar ni ma."