Dillalin Gidan Mu'az

Umara bai san dillalin ba. Magada ne suka kawo shi ya sayar da gidan aminin Umara, marigayi Mu'az, a Yalwawa. Dillalin dattijo ne siriri mai koɗaɗɗiyar hula, babbar riga saɓe a kafaɗa. Gidan ba kowa, amma sai da ya yi sallama ya shiga.

Mai saye, ma'aikacin da aka maido Dutse daga Kano, yana ƙwanƙwasa bango yana taɓe baki. "Wannan ai ginin mai ƙaramin ƙarfi ne. Dubi zaure kamar akurki!"

Umara yana tsaye a gefe. Tare da Mu'az suka yi dakon yashin zauren nan.

Dillalin ya dafa bangon a hankali. "Ranka ya daɗe, taya yadda ka ga dama, ni zan kai wa magada. Amma bar kushewa. Mai ginin ba ya nan balle ya ba ka amsa."

Umara ya ƙura wa dattijon ido. Wataƙila shi ma an taɓa kushe nasa a gabansa.

Ma'aikacin ya sauke hannu. "Allah ya jiƙansa," ya ce a hankali.