Kunun da Ba na Baƙi Ba

Shekararmu ta farko a unguwar Danau Kota ta ƙasar Malesiya, burodi da roti, gurasar Indiyawa, suka haɗa baki suka ɗaure mini ciki tamau. In shiga banɗaki da addu'a, in fito da haushi. Har maigidana ya fara tambaya ko shi ya yi mini laifi.

Wata maƙwabciyarmu Ba'indiya ce ta tausaya mini, ta kawo garin maganinsu na gargajiya, wai shi tirifala, haɗe da wani ganye. Ina shinshinawa na tuntsire da dariya, ashe filasko ne ya biyo ni har Malesiya.

"Ƙaramin cokali ɗaya a ruwan ɗumi, ya isa lah," in ji ta, da "lah" ɗin da mutanen ƙasar ke ƙarasa zance da shi.

Ruwan ɗumi! Mu a gidanmu a kunu ake shan garin magani, kuma ba a yi masa rowa. Ranar Asabar da safe na dama kunun tsamiya, na zazzaga masa rabin kwalba, na juye a fulas, na shiga wanka.

Ina fitowa na ji hira a falo. Abokan maigidan ne su uku, har da wani dattijon malami da ya zo ƙaro karatu da furfurarsa. Na leƙa, sai ga fulas ɗina a tsakiyarsu, maigida yana ta tsiyaya musu, shi a dole mai karamci.

"Amarya, kunun nan ya kai mu gida!" in ji Malam. "Sai dai ɗan ɗaci-ɗaci."

"Tsamiyar ƙasar nan ce, Malam," na ce.

To da wane bakin zan yi zancen cikina a gaban abokan miji? Guntun da suka rage na kwankwaɗe a kicin.

Suka zauna kallon ƙwallo. Bayan azahar Malam ya miƙe, wai zai sabunta alwala. Yana dawowa na biyu ya tashi, shi ma alwala. Kafin la'asar alwalar ta koma ta gudu. Ni kuwa ina ɗaki na cusa fuska a filo, dariya har da hawaye.

Ana cikin haka nawa cikin ya yi ƙugi, abin da na daɗe ina roƙon Allah. Na fito a guje, kamar in yi guɗa don murna, sai na tarar da layi. Banɗakinmu kuwa ɗaya ne tal.

Malam ne a gaba, dafe da bango, gumi na tsatstsafo masa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Amarya, ke ma alwalar ce?"

"Ita ce, Malam."

Ya ja jiki gefe da ƙyar. "Wuce, 'yata. Ai don ke aka dama."