Man Zafin Iya Kande

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya Kande ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Gumel. Ƙanena ne ya bugo waya daga Ɗanzomo. Har yanzu ban san yadda na fito daga ajin ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyar Innarmu ce, katanga ɗaya ta raba su. Ita ce mai man zafin nan da duk wanda ya taɓa noma ko jan guga a unguwarmu ya san ƙamshinsa. Man kaɗe take narkawa a 'yar tukunyar ƙasa, ta zuba citta da kanumfari da masoro, da wata saiwa da in ka tambayi sunanta sai ta ce ta manta, tana dariya.

Wajen kakarta ta gada. Ta ce da shi kakar ke shafa wa fatake masu sauko da kanwa daga Damagaram, tun zamanin da Turawa suka fara shigowa ƙasar nan.

Sai dai Iya tana da doka. Ba ta ba mai ciwo man a hannunsa.

"Hannunka na kaiwa bayanka ne? Je ka turo wanda zai shafa maka."

Wasu su yi fushi su tafi kemis. Ko a jikinta.

Ni 'yar fari ce. Kun san yadda abin yake a gidajenmu, balle Inna da ke da jinin Fulani. Wajen goggona na girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, daga "ke" sai "waccan". In na shigo ɗaki, sai ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Na san kunya ce, ba ƙi ba. Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba.

Bayan girbin bara waccan kafaɗun Inna suka riƙe, ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa. Ƙannena suka je karɓo man, Iya ta koro su.

"Ba ku ba. Babbar nake so."

Inna ta aika mata cewa wannan wane irin rashin ta-ido ne. Iya ta ce to, kafaɗa ta ci gaba da ciwo, ai ba tata ba ce.

Ranar Asabar na hau mota na zo. Iya ta dangwara mini gwangwanin man a hannu, ta ce, "Ki ɗumama shi a tafinki tukuna. Kada ki yi magana, ita ma ba za ta yi ba. Ki dai shafa."

Inna ta juya mini baya, tana kallon bango. Na shafa. Ashe akwai wani tsohon tabo a kafaɗarta ta hagu, ni 'yarta ban taɓa sani ba. Hawaye suka zubo mini, na ɗora wa yajin citta laifi.

Ɗan gwangwanin tumatir Iya take zuba mana, shafa ɗaya ya tashi. Na yi mata ƙorafi, na ce, "Haba Iya, ki cika kwano mana, in ban samu zuwa ba yara su shafa mata."

Ta ce, "Rowa ce ta kama ni da tsufa. Sai Asabar."

Haka kowace Asabar ta zama ta Ɗanzomo. Sannu a hankali Inna ta fara magana, wai da bango take yi. A haka na ji labarin shanun babanta, da yadda igiyar guga ta yi mata wannan tabon, har da ruwan da aka kwana ana yi ranar da aka haife ni.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar da Iya a tabarma tana tari, tukunyar a kife gefenta. Ta miƙo mini gwangwanin, ta ce, "Wannan ne ƙarshen tukunya, sai na ji ƙarfi." Ta riƙe yatsuna ta ɗan matsa. "Kin iya yanzu, 'yar nan."

Ashe sallama ce.

Yau a mota ina kukan Iya, ina kuma kukan kaina. Tsoro ya kama ni, wallahi. In babu man, da wane dalili zan sake zama a bayan Inna?

Bayan an kai Iya makwancinta, mun dawo daga gidan makoki da la'asar. Inna ta shiga ɗaki ta zauna inda ta saba, fuskarta a bango. Na ɗauko gwangwanin na kankare, ko kan yatsa bai cika ba.

Na ce, "Inna, man ya ƙare."

Har na yunƙura zan tashi. Sai ta zame mayafi daga kafaɗarta.

"Akwai man gyaɗa a kwalba can. Ɗauko." Ta gyara zama. "Asabar ma ki taho da wuri."

Allah ya jiƙan Iya Kande. Yadda ta sauƙaƙa wa bayinsa ciwo, Allah ya sauƙaƙa mata kwanciyar kabari, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba 'ya'yanta da jikokinta da Innarmu haƙurin rashinta.

Don Allah, duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi mata addu'a ba.