Tsohon Da Ya Ɓoye Mini 'Yata

A lokacin da abin nan ya faru ni matashiyar bazawara ce a cikin birnin Damagaram. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya mace guda da keken ɗinki, da shi nake rufa wa kaina asiri. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don wasu daga cikinsu suna raye.

Yarinyar ba ta kai shiga lakkwal, wato makaranta, ba na lura tana da wata baiwa. In ta ɗora tafin hannunta a ƙasa, sai ta faɗi abin da ke binne a ciki. Ta tono wa maƙwabciyarmu ɗan kunnen da ya daɗe da ɓata, ta kuma nuna wa masu gina rijiya inda za su tarar da ruwa, suka tarar. Ni kuwa murna ta hana ni kama bakina, duk matar da ta kawo ɗinki sai na ba ta labari. Ba a jima ba wasu mutane masu zuwa arewa haƙar zinariya suka yi mana sallama da atamfa da alewa, suka roƙi in ba su aron ta su tafi da ita. Na ƙi. Suka dawo da wani malaminsu mai jajayen idanu, ya dafa kanta ya kira sunanta, suka fita. Tun daga ranar ta daina cin abinci, ta rame, tana ce mini ana kiranta daga bayan katanga. Sau da yawa na tsinto ta a bakin titi da tsakar rana tana tafiya ba takalmi. Likita ya duba ta, ya ce bai ga ciwo ba.

Mahaifina yana da wa, tsohon boka, a wani ƙauye kusa da Garagumsa. Dangi sun daɗe da yanke shi saboda sana'arsa, ni kaina tsoronsa nake yi. Amma da na rasa mafita sai na goya ta muka shiga mota zuwa Takieta, daga nan muka hau amalanke. Na same shi a gindin bishiyar bedi, idonsa ya dushe, hannunsa na rawa. Bai yi mini gorin rashin zumunci ba. Ya dama fura da kansa, ya kira yarinyar uwargidansa, ya ce tun da ta ƙi zuwa ganinsa zai yi mata yaji. A karo na farko cikin makonni na ga ta yi dariya. Ta taɓa ƙasa ta ce akwai ƙarfe a ƙarƙashin tabarmarsa. Sai ya gaya mini shi ma da wannan baiwar aka haife shi, kuma tun yana ƙarami manya suka yi ta yawo da shi gari gari har ya girma bai san gida ba. Ya ce muddin yana numfashi ba za a yi wa jikarsa haka ba.

Mun yi damina a wurinsa. Yana yi mata wanka da saiwoyi, yana ɗaukarta zuwa gonar gyaɗa, yana koya mata kada ta amsa kira sai ta ga fuskar mai kiran, kuma ba duk abin da ƙasa ta faɗa mata za ta faɗa wa mutane ba. Kumatunta suka dawo.

Wata rana da hantsi motar mutanen nan masu haƙar zinariya ta tsaya a ƙofar gidan. Na yunƙura zan gudu da ita ta bayan darni. Ya riƙe mini zane.

"Zauna, 'yata. Ke kuma uwargida, zo nan kusa da ni ki ci gaba da ɓarar gyaɗarki. Kome kika ji, kada ki ɗago."

Ya cire wata tsohuwar laya daga wuyansa ya rataya mata, ya ja layi da sandarsa a ƙasa. Suka shigo da malaminsu, suka duba ɗaki da rumbu da turken awaki. Wallahi ina kallo rigar ɗayansu ta shafi kafaɗarta, amma ba su gan ta ba. Malamin ya tsaya ya yi ta kwala mata kira. Na ga hannunta ya tsaya, wuyanta ya fara ɗagowa. Tsohon ya ɗora tafinsa a bayanta, gumi na zuba daga gemunsa.

"Wadda kake kira tana da kaka," in ji shi. "Ka koma."

Malamin ya dube shi, ya dubi layin da ke ƙasa, bai tsallake ba. Suka tafi, ba mu sake ganinsu ba.

Da na zo tayar da tsohon, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Daga ranar bai ƙara tashi ba. Yarinyar ce ke ba shi ruwa a baki, tana kore masa ƙuda da mafici. Na roƙe shi ya rufe mata baiwar gaba ɗaya, ya ce ba shi ya ba ta ba, don haka ba zai karɓe ba, idan ta girma ita za ta san yadda za ta yi da ita. Ana cikin girbin hatsi Allah ya karɓi ransa, kanta na bisa ƙirjinsa.

'Yan uwana iyaye, in Allah ya ba ɗanku abin da ba kowa ke da shi ba, ku rufe bakinku, don ba duk mai yaba yaro ne ke son sa da alheri ba. Kuma kada ku yar da tsofaffinku. Hisabin sana'arsa yana wurin Allah, ni dai na san ya ba da sauran ƙarfinsa ga yarinyar da ba mu taɓa kai masa ya gani ba sai da buƙata ta kama mu, kuma kullum ina roƙa masa gafara. Yau 'yata ta zama budurwa, tana karatunta lafiya. Ban san abin da take gani yanzu ba. Ban tambaye ta ba, kuma ba zan tambaya ba.