Finjali Na Bakwai

Cikin duk shekarun da na yi ina zuba gahawa a Riyad, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Talata da jami'an gwamnatin China suka ziyarci masana'antarmu a Birnin Masana'antu na Biyu. Saura mako uku iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ga shi mudir, manajanmu, bai daɗe da korar abokin aikina ba saboda ya yi wa baƙo magana. Dokar aikin ke nan: buta a hagu, finjali a dama, baki a rufe. Kuma ba ka daina zuba wa baƙo sai ya girgiza finjalinsa.

Shugaban tawagar wani dattijo ne siriri. Wallahi mutumin nan ya san duniya. Da Larabci yake jero tashoshin jiragen ruwan Bahar Maliya, da wace ƙasa ta ɓata da wace, har mudir ya koma gyaɗa kai kawai. Sai dai takardun da ya haddace ba su kawo zancen girgiza finjali ba. In na zuba ya shanye ya miƙo, in sake zubawa. A na shida gumi ya karyo masa. In na tsallake shi na wulaƙanta baƙo, in na yi magana na bi abokina.

Da ya miƙo, sai na riƙe finjalin daidai idonsa, na girgiza sau uku, sannan na ɗiga masa kaɗan. Ya dube ni, ya kurɓa, ya girgiza. Na wuce abina.

Ashe mudir ya gani. Ana tashi ya daka min tsawa: "Ta'al, zo nan, ya Sani! Wa kake wa wasa da finjali?"

Kafin in buɗe baki dattijon ya iso. "Daga ina kake?"

"Maraɗi, ranka ya daɗe."

"Maƙwabtan Katsina," in ji shi. Ya juya wurin mudir. "Shekara da shekaru ina nazarin yankinku, yau wannan ya koya mini abin da ba a rubuta ba. A ba mu shi ya raka mu sauran ziyarar."

Washegari mudir da kansa ya karɓi takarduna aka sabunta iƙama. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Ku sabbin zuwa, mutanen nan sun karanta mu sosai kafin su sauka daga jirgi, kuma ba sa jin kunyar koyon abin da ya rage. Wani lokaci wannan ragowar tana hannun mai buta.